Yadda ake riƙe lamarin mai raunin fahimta a Zangon Kumasi, mataki bayan mataki

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu aikin sa-kai na masallatai, da shugabannin ƙungiyoyin mata a Aboabo, Asawase, Sawaba da Tafo, har da sababbin ma'aikatan walwalar jama'a da aka turo unguwanninmu: "An nuna mini gida. Akwai saurayi a ciki wanda kansa ba ya ɗaukar abu kamar na kowa, ga farfaɗiya, ga babu, uwar ta gaji. Ta ina zan kama?"

Wanda muke magana a kansa shi ne mutumin da aka haifa da raunin fahimta, ko ya same shi ta dalilin doguwar naƙuda, shawarar jarirai, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, faɗuwa daga babur, shanyewar ɓarin jiki ko gigin tsufa, kuma larurarsa ba ɗaya ba ce. Ga jerin aikin: tsaron rai tukuna, sai lafiyar jiki, sai takardu, sai kuɗi, sannan makaranta ko sana'a. Yawancin lamuran da ke watsewa a hannun mai taimako, daga kuɗi aka faro su.

Kayan aiki ba su da yawa: littafi mai ƙaƙƙarfan bango, fayil na roba mai zik guda ɗaya ga kowane mutum, biro, waya mai kamara, kalandar bango, da robar jera magani mai gida bakwai.

1. Kafin ka taka ƙofar gidan

Rubuta wanda ya kawo maganar. Raba abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, domin a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu labari yana girma kafin ya kai bakin ƙofa. Nemi wanda zai shigar da kai: limamin unguwa, magajiya, ɗan asambili (wakilin unguwa a majalisa), ko nas ɗin da ke zagaya gidaje. Sannan ka sanar da ofishin walwalar jama'a na majalisar da gidan yake ciki. Aboabo, Asawase da Sawaba suna ƙarƙashin Asokore Mampong, Tafo tana da tata majalisar, tsakiyar gari kuma na majalisar birnin Kumasi (KMA) ne. Takardar da aka kai ofishin da ba shi ba, dawo da ita za a yi.

Gargaɗi: ɗan sa-kai ba shi da ikon ɗauke mutum daga gida, ko da abin da ya gani ya tayar masa da hankali. Wannan aikin jami'in walwala ne da 'yan sanda da kotu.

2. Ziyarar farko

Ka je da hantsi ko bayan la'asar, ba lokacin da uwar gida ke haɗa kayan waken da za ta kai bakin titi ba, ba kuma ranar Juma'a ba. Kada ka wuce minti arba'in da biyar. Ku je ku biyu, mace da namiji in zai yiwu, amma kada ku wuce biyu. Littafin ya zauna cikin jaka har a gama gaisuwa.

Ka gaisa da mai larurar da sunansa, ka sunkuya ko ka zauna daidai tsayinsa, kafin ka soma yi wa kowa tambaya a kansa. Wannan ƙaramin abu ne da ke sauya yadda gida duka ke kallon aikin. In an ce maka "ai ba ya ganewa", ka ce, "Ba komai Hajiya, bari mu gaisa dai." Yi masa gajeriyar magana, abu ɗaya a jimla ɗaya, ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka maimaita. Da yawa suna amsawa a daƙiƙa ta bakwai ko ta takwas, sai dai an saba katse su a ta biyu. Tambayar "e ko a'a" tana ruɗarwa, domin mutumin da ya saba a tsawata masa "e" zai ce ga komai. Nuna masa abu biyu ya zaɓa: koko ko shayi, ciki ko waje. Ka kuma gwada harshen da ya fi ji. Akwai wanda a gida Hausa ake yi masa, amma kakar da ta rene shi Dagbanci ko Tuwi take yi.

Ga mai kula da shi, tambayar da ta fi buɗe baki ita ce, "Mma, ba ni labarin jiya, daga asuba har kwanciya." Daga nan za ka ji wa ke yi masa wanka, sau nawa ya ci, wa aka bari da shi lokacin kasuwa, ƙarfe nawa ya yi barci. Idonka kuma ya yi aiki: inda yake kwana, ko ƙofar tana da kwaɗo daga waje, nisan kurfoti da rijiya, tabo a wuyan hannu ko idon sawu.

Gargaɗi: kada ka yi alkawarin komai yau, kada ka ɗauki hoto, kada ka ba da kuɗi daga aljihunka. Sidi ashirin ɗin da ka miƙa a ranar farko shi zai zama ma'anar zuwanka har abada. Kalmomi irin su dolo, gaɓo, mahaukaci da ɗan ruwa kada su fito daga bakinka, amma in 'yan gida sun faɗa, ba yau ce ranar gyara musu ba.

3. Abin da ba ya kwana

Abubuwa biyar ba sa jiran ziyara ta biyu.

Farfaɗiyar da ta wuce minti biyar, ko ta sake bugawa bai farfaɗo ba: asibiti nan take, a kira 112 ko a tsayar da mota. Kafin nan a kwantar da shi ta gefe, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu. Yawun mai farfaɗiya ba ya yaɗa cutar. Ka faɗi wannan da ƙarfi a tsakar gida, domin tsoron nan ne ke sa a bar mutum ya faɗa wuta ana kallo.

Rikicewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu ga tsoho ko mai shanyewar jiki: wannan ba gigin tsufa ba ne, gigin tsufa a hankali yake zuwa cikin watanni. A nemi zazzaɓi, ciwon fitsari, hawa ko faɗuwar suga.

Rama mai tsanani, ƙin ci da sha, ko gyambon kwanciya mai wari.

Mari ko sarƙa, duka, da hana abinci, a gida ne ko a wurin mai magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ta kare mai larura daga azabtarwa, kuma tun 2017 hukumar da dokar ta kafa ta shelanta hana ɗaure mutane da sarƙa. Ka sanar da jami'in walwala da nas ɗin lafiyar ƙwaƙwalwa a ranar. Kada ka kwance ka tafi abinka. Wanda ya ɗaure ɗansa sau da yawa tsoron titi ne ko kwata ya sa shi, in ba a ba shi wata dabara ba, da dare zai mayar.

Alamar fyaɗe ko lalata: asibiti da ofishin DOVVSU, mai kula da cin zarafi da fyaɗe, na 'yan sanda. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki sai cikin awa 72 yake amfani. Kada a yi wanka, kada a wanke kayan da ke jiki kafin likita ya duba. Za a zo maka da "a rufa asiri, a sasanta a gida". Wannan ba ya cikin abin da ake sasantawa, kuma saduwa da wadda ba ta da hankalin yarda laifi ne a dokar Ghana ko shekarunta nawa.

4. Buɗe fayil

A ziyara ta biyu, cikin mako guda, ka nemi izini a fili: me za ka rubuta, wa zai gani. Izinin mai larurar ake fara nema gwargwadon fahimtarsa, sannan na waliyyinsa. Shafin farko: cikakken suna yadda yake a takardu, ranar haihuwa, adireshin GhanaPost GPS da kwatance irin namu (bayan masallaci kaza, kusa da famfo), lambar mutum biyu. Shafi na biyu: zanen dangi, wa ke ciyarwa, wa ke yanke hukunci, wa ke aiko kuɗi daga waje. Su ukun nan ba kasafai suke zama mutum ɗaya ba.

Sai ainihin tantancewa. Jera ayyukan yini: ci, sha, wanka, sa kaya, bayan gida, tafiya, faɗin buƙata, sanin hanya, sanin kuɗi, tsallaka titi. Gaban kowanne ka sa ɗaya daga uku: da kansa, da tuni, sai an yi masa. Kada ka dogara da baki, ka ce a nuna maka. Uwa takan ce "ba ya iya komai" alhali shi ke ɗebo ruwa yana share tsakar gida, uba kuma yakan ce "lafiyarsa lau" alhali bai taɓa ganin wankansa ba.

Rubuta abin da ka gani, ba fassararka ba. "Yana da faɗa" ba bayani ba ne. "Ranar Talata da magariba ya ciji hannunsa ya jefar da kwano lokacin da aka kunna rediyo" shi ne bayani.

Gargaɗi: fayil ba ya kwana a shago ko a mota, kuma labarin mutum ba ya shiga zauren WhatsApp na ƙungiya, ko da niyyar neman taimako ce. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, kuma Zango ƙaramin gari ne.

5. Asibiti

Fara da asibitin gwamnati mafi kusa, irin su Manhyia ko Tafo, ka tambayi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Daga nan ake ba da takardar turawa zuwa Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Ji, in ana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, na jijiya, na yara, ko masu gasa jiki da koyar da magana. Wanda ya tafi can kai tsaye ba takardar turawa yakan ɓata yini da kuɗin mota.

Shirin ranar: ku fita da asuba, a tafi da abinci, ruwa, kayan canji, da duk maganin da ke gidan a cikin leda, har da na gargajiya da na mai kemis. In akwai bidiyon faɗuwar a waya, da izinin iyali, ya fi dogon bayani. Wanda hayaniya ke firgita shi ba a sa shi a trotro, a ɗauki pragya (babur mai ƙafa uku) ko tasi. Ka je wurin nas ɗin da ke kan tebur ka faɗa mata a hankali cewa ba zai iya dogon layi ba, sau da yawa za ta duba.

Ka roƙi a duba jiki duka, ba kai kaɗai ba: nauyi, jini, suga, haƙori, kunne, ido, fata. Mai larurar Down (raunin fahimtar da ake haihuwa da shi) kuma a ƙara da zuciya da maƙoshi (thyroid). Kafin ku fito, abu huɗu su shiga littafinka: sunan larurar, sunan kowane magani da adadinsa da lokacinsa, ranar dawowa, da rahoton likita a rubuce mai hatimi. Rahoton nan shi ne mabuɗin mataki na 7, na 8 da na 10. Yakan ɗauki kwanaki kuma ana iya cajin kuɗi, don haka a nema tun ziyarar farko.

Game da magani, ga inda ake yawan faɗuwa. Maganin farfaɗiya irin su phenobarbitone da carbamazepine ba a tsayar da shi kwatsam don "ya samu sauƙi", tsayarwar ce ke kawo faɗuwa mafi muni. In ƙuraje suka feso bayan fara carbamazepine, ko baki ya yi gyambo, a koma asibiti a ranar. Sodium valproate yana cutar da ɗan tayi, don haka duk macen da ta kai haihuwa sai an tattauna da likita. Haloperidol da chlorpromazine suna iya sanƙarar da wuya, su kawo rawar hannu da dalalar yawu. Iyali sukan ɗauka iska ce ta motsa, alhali magani ne, kuma ana gyarawa. Mutum ɗaya ne zai riƙa bayarwa, yana sa alama a kalanda, a haɗa lokacin da salla: asuba da isha'i sun fi "ƙarfe shida" zama a kai. A koma karɓa saura kwana bakwai ya ƙare, domin kantin asibiti yakan yanke, sai an saya a waje duk da doka ta ce kulawar lafiyar ƙwaƙwalwa kyauta ce. Kafin azumi a tambayi likita, a kuma sa liman ya yi wa iyali bayanin wanda azumi bai hau kansa ba.

Kada ka yi jayayya da ruƙiyya ko addu'a, za ka rasa gidan. Sharaɗi uku kawai ka nema: magani ya ci gaba, ba duka, ba ɗauri ko horon yunwa.

6. Halin da ke tayar da hankalin gida

Ihu, cizo, buga kai da bango, yaga kaya, gudu daga gida. Nan ne iyali suka fi matsa maka a ƙara maganin barci, nan ne kuma ya kamata ka fi jan ƙafa. Mutumin da ba ya iya cewa "haƙorina" da hali yake faɗa.

Tsaga shafi gida huɗu: rana da lokaci, me ya faru gab da abin, me ya yi, me aka yi masa bayan nan. Ka bar wa wanda ya iya rubutu a gidan, ko ɗan makaranta ne, da boko ko da ajami, ya cika na kwana goma sha huɗu. A ƙasa a riƙa sa alamar bayan gida, awannin barci, da kwanakin al'ada ga mace.

Ɗauki misali: budurwa 'yar shekara 19 da ba ta magana ta soma dukan kuncinta tana ƙin tuwo. Takardar ta nuna abin yana zuwa ne lokacin cin abinci da bayan shan ruwan sanyi, koko mai ɗumi kuma tana sha lafiya. Wannan aikin likitan haƙori ne. Wani kuma kullum tsakanin la'asar da magariba yake ɓallewa, lokacin da yaran gida suka dawo, aka hura wuta, aka kunna talabijin. Shi kuma wuri mai shiru yake nema, ko a fita da shi zagaye kafin hayaniyar ta taso. In kuwa duk sanda ya yi ihu aka miƙa masa biskit don ya yi shiru, gidan ne ya koya masa ihu. A ba shi biskit ɗin lokacin da ya nuna da hannu, kafin ihun.

Jerin dubawa: ciwo, taurin bayan gida, yunwa ko ƙishi, rashin barci, sauyin magani, sauyin mutum a gidan (rasuwa, aure, tafiya), zaman banza, sannan cin zarafi. Sai an wuce waɗannan ake maganar taɓin hankali.

Ga mai ɓacewa: a ɗinka lambar waya a cikin wuyan rigarsa, a ajiye sabon hotonsa, a gabatar da shi ga masu shago da 'yan pragya na layin. Mai tari ko shaƙewa lokacin ci: a zaunar da shi tsaye, ƙaramin cokali, abinci mai kauri, ya zauna minti talatin bayan ci. Wanda ba ya tashi: juyi duk awa biyu.

7. Takardu

Bi wannan jerin, domin kowace tana buɗe ta gaba. Takardar haihuwa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa: kyauta ce ga jariri kafin ya cika shekara ɗaya, bayan nan akwai kuɗi, a tafi da katin awo in yana nan. Sai Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. In babu takardar haihuwa, ɗan uwa mai katin yana iya yin rantsuwar shaida. Sai katin inshorar lafiya, NHIS. Dokar 2012 mai lamba 852 ta yafe kuɗin shekara ga masu larurar ƙwaƙwalwa, marasa galihu, 'yan ƙasa da 18 da waɗanda suka kai 70. Ka karɓi wasiƙa daga ofishin walwala, ka haɗa da rahoton likita. Sabon kati yakan ɗauki kimanin wata guda kafin ya fara aiki, sabuntawa kuma ana yi ta waya da *929#. Rubuta ranar ƙarewarsa a bangon fayil da jan biro. Daga ƙarshe a sa sunansa a rajistar naƙasassu ta majalisa.

Gargaɗi: matsalar suna ita ce ta fi cinye mana lokaci a Zango. Mutum ɗaya ne, amma katin asibiti ya ce Mohammed, na inshora ya ce Mahamadu, na makaranta ya sa laƙabi. Zaɓi rubutu ɗaya da ranar haihuwa ɗaya tun daga takardar farko, ka duba harafi-harafi kafin ku bar teburin. Gyara daga baya sai da takardar rantsuwa da kuɗi. Kowace takarda a yi mata kwafi uku, asalin ya zauna hannun iyali, ba hannunka ba.

8. Kuɗi

Hanyoyi biyu na gwamnati ne aka fi bi. Na farko kason naƙasassu daga asusun bai-ɗaya na majalisu, wanda a shekarun baya yake kashi 3 cikin 100. Ana rubuta wasiƙa ta hannun jami'in walwala, a haɗa hoto, kwafin kati, rahoton likita da takardar farashin abin da ake nema, kwamiti ya zo ya duba. Ana bayarwa don magani, makaranta, kayan taimako kamar keken guragu, ko jari, kuma mai kula yana iya nema a madadin wanda ba zai iya sana'a ba. Nemi abu ɗaya takamaimai. Kuɗin yakan yi jinkiri watanni, saboda haka kada a jingina maganin wata-wata a kansa. In jari ne, a yi lissafi da gaske: firizar da aka ba gidan da ba ya iya sayen wuta, ƙarshenta ɗakin wani ɗan uwa.

Na biyu LEAP, tallafin kuɗi ga gidaje marasa galihu, wanda aka fara a 2008, ana biya duk wata biyu ta katin cirar kuɗi na e-zwich. A 2024 abin ya kama daga sidi 256 ga gida mai mutum ɗaya da ya cancanta zuwa 424 ga mai huɗu ko fiye. Ba cike fom ake yi a shiga gobe ba, sai lokacin da aka zo tantance gidaje a unguwa. Ka kai sunan, amma kada ka ce wa iyali "an sa ku".

Sauran daga cikin al'umma ne: zakka, asusun masallaci, adashin mata, 'yan uwa da ke waje. Nemi a ɗauki abu mai suna, wane ya ɗauki maganin wata, wance ta ɗauki kuɗin mota, ya fi tara kuɗi a dunƙule.

Lissafin wata ya ƙunshi: motar mutum biyu zuwa da dawowa, maganin da aka saya a waje, gwajin da inshora ba ta ɗauka ba, famfas ko sabulu da leda, kwafi da hotuna, da cinikin ranar da uwar ta rasa. Na ƙarshen nan kowa yana mantawa, shi ne kuma ke sa a daina zuwa asibiti.

Gargaɗi: kuɗin mai larura ba ya shiga MoMo ɗinka, wato asusun kuɗinka na waya. Mutum biyu su sa hannu a littafin shiga da fita, da rasit. Ka bincika wa ke riƙe katinsa da lambar sirri. In akwai gado, rabonsa nasa ne cikakke, waliyyi riƙo kawai yake yi, a rubuta a gaban liman da shaidu. Wanda ake fita da shi bara ranar Juma'a, ka sani kuɗin ya shiga lissafin cefanen gidan, hana shi ba tare da madadi ba ba zai ɗore ba.

9. Zaman iyali da rubuta shiri

Cikin mako na huɗu zuwa na shida ka tara su: mai larurar, mai kula, mai yanke hukunci, da wanda ke waje ta waya. Awa ɗaya. Buri uku kawai na wata uku, kowanne da sunan mai yi da rana. "A kula da shi sosai" ba buri ba ne. "Yaya babba zai kai shi asibiti ranar dawowa, Inna za ta ba da maganin asuba, ƙanwarsa na isha'i" shi ne shiri. Ɗaya daga cikin ukun ya zama abin da shi kansa yake so, ko zuwa masallaci ne, ko kallon ƙwallo.

A wannan zaman ne ake yanka wa mai kula hutu: rabin yini biyu a mako, da sunan wanda zai karɓe ta. Ka tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban miji ko suruka ba, yadda barcinta yake, da ko ta taɓa jin ta gaji da rayuwa. In ta ce e, ita ma ta ga nas a makon. Kada a cire yarinya daga makaranta don ta zama mai reno.

Tambaya biyu masu nauyi ba a barinsu: wa zai riƙe shi in Mma ba ta nan, da maganar aure. Aure ba magani ba ne, kuma ba a ɗaura wa wanda bai fahimci abin da ake ɗaura masa ba. Haka juya mahaifar yarinya don tsoron ciki ba hukuncin da ake yankewa a zaure ba ne.

10. Makaranta, sana'a da koyon abu ɗaya

Ga yaro, ka je ofishin ilimi na majalisa ka nemi jami'in ilimi na musamman. Dokar naƙasassu ta 2006 mai lamba 715 ta hana makaranta ƙin karɓar yaro saboda naƙasa kawai, sai in tantancewa ta nuna makaranta ta musamman yake buƙata, tsarin ilimin bai-ɗaya na 2015 kuma ya ƙarfafa hakan. Garden City Special School da ke Asokore Mampong ta masu raunin fahimta ce, a Accra akwai ta Dzorwulu da cibiyar tantancewa ta ƙasa a Achimota. Gurbi yana da wuya, a sa suna da wuri. Kafin nan a roƙi malamin makarantar allo ko Islamiyya ya karɓe shi awa ɗaya a rana, kusa da malam, ba bulala. Ga babba akwai cibiyar koyon sana'a ta Edwenase, ko wani mai sana'a a unguwa da ya yarda: ƙulla kaya a leda, wanke kwanuka, jera kaya a shago. A faɗi ladan tun farko, kada ya zama bawan gida.

A gida, abu ɗaya ake koyarwa a lokaci guda. Yanka shi ƙanana, ka fara daga ƙarshe: in sa riga ne, a sa masa duka, shi ya ja ta ƙasa. Ya iya wannan, a bar masa hannu ɗaya. Minti goma kullum, lokaci ɗaya, kalmomi iri ɗaya daga kowa a gidan.

11. Bibiya da miƙa fayil

Watan farko ziyara duk mako, wata na biyu da na uku duk mako biyu, daga nan sau ɗaya a wata. Kowace ziyara: ƙirga ƙwayoyin da suka rage ka gwada da kalanda, duba fata da nauyi, duba ranar katin inshora, ka keɓe da mai larurar minti biyar a inda ana hangenku. Duk wanda ka tura wani ofishi, ka kira bayan kwana bakwai ka ji ko an je, an ga wa, an ce me. Ɗan sa-kai kada ya riƙe irin wannan lamari fiye da uku zuwa biyar a lokaci guda.

Bayan wata uku a sake zama a kan burin nan uku. Wanda bai motsa ba, a rage girmansa ko a sauya mai yi. In za ka bar aikin, ko iyalin za su ƙaura, rubuta shafi ɗaya: larura, magunguna, ranar asibiti ta gaba, takardun da aka samu da waɗanda suka rage, abin da ke tayar masa da hankali da abin da ke kwantar da shi. Kwafi ɗaya ga iyali, ɗaya ga jami'in walwala. Ka kai wanda zai gaje ka gidan da ƙafarka sau biyu kafin ka daina zuwa, ka gaya wa mai larurar da bakinka, ka nuna masa ranar a kalanda.